Layi Uku a Katin Canela

Da maki ɗaya Jami'ar Palo Seco ta rasa kofin hawan doki na jami'o'in ƙasa, a filinta, a kan dawakinta, ranar wata Asabar cikin watan Afrilu. Kwalejin Harlan Creek ce ta ɗauke shi, uku da biyu. Makin da ya raba gardama a kan wata goɗiya ja mai suna Canela aka ci shi, kuma duk kudancin Texas ba wanda ya san goɗiyar nan kamar Delfina Arriaga, wadda ba ta hau komai ba a ranar. Ragama aka ba ta ta riƙe.

Delfina tana shekararta ta ƙarshe. Shekara uku da suka wuce wani mai garke ya ba jami'ar Canela kyauta, don ya gaji da halinta: in ta zo gaban shinge sai ta tirje, ta zubar da mahayi ta wuya. Koci Wynette Haskell, mai horar da ƙungiyar, ta so a mayar masa da abarsa. Delfina ta roƙi wata uku. Kullum tun kafin lacca tana barga, ita ce wanka, ita ce yankan kofato, har 'yan ƙungiya suka sa mata suna uwar Canela. Sannu a hankali goɗiyar ta fara tsallake shinge ƙarƙashin kowa, muddin fili shiru ne. In akwai taro da hayaniya kuwa, tsohon halin yana nan. Delfina ta gano maganinsa a ƙananan wasannin ƙauye da take kai ta lokacin hutu: saura taku uku a isa shinge, sai ta sa gaɓar yatsa ta murza gindin gezar ta ɓangaren hagu. Canela takan sauke numfashi ta tashi kamar an ɗaga ta. Delfina ba ta gaya wa kowa ba. Da farko ba wanda ya tambaya.

Akwai al'ada a bargar Palo Seco: ɗalibar da za ta kammala tana iya neman a ba ta dokin da ta reno, in ƙungiya ba ta da buƙatarsa. Tun watan Janairu takardar da Delfina ta nemi Canela da ita take teburin Koci Haskell.

Corliss Tate ta zo a watan Agusta daga Dallas, 'yar shekarar farko, doguwa, bayanta a miƙe kamar an auna shi da igiya. Alƙalai suna son irin zamanta a sirdi. Kafin Fabrairu ta karɓe gurbin Delfina cikin mahaya biyar na tsallake shinge. Koci ta kira Delfina ofis ta nuna mata makin kowa na wata shida, ta ce ba ita ta zaɓa ba, takarda ce ta zaɓa. Ta ce tunda bana su ne masu masaukin gasar, tana buƙatar wadda ta san dawakin ta kula da su, ta kuma rubuta katunansu.

Da Corliss mai girman kai ce da abin ya zo da sauƙi. Sai ga ta da fara'a, tana kiran Delfina Yaya Fina, tana kawo mata wainar masara da wake da ƙwai da safe. Da aka buga hoton gasar aka manna a ƙofar gari, a gidan mai, a shagon abincin dabbobi, Corliss ce a jiki, a sama, tsakiyar tsalle. Goɗiyar da ke ƙarƙashinta Canela ce. Delfina ta sauya hanyar zuwa barga don kada ta riƙa wucewa ta gidan man. A ranar da aka manna hoton ta ji Koci tana cewa in Canela ta yi kyau a gasar nan, to ƙungiya ta samu goɗiyar shekara biyar masu zuwa.

Ranar Juma'a da la'asar Delfina ta zauna a kan damin ciyawa da katuna goma sha biyu. Dokar ita ce ba wadda ke zuwa da dokinta. Mai masauki ke ba da dawaki, a yi ƙuri'a, mahayiya ɗaya daga kowane ɓangare su hau doki guda, wadda ta fi maki ta ci wa makarantarta. Minti huɗu ake ba kowa ta saba da dokin. Abin da baƙuwa za ta sani game da shi, abin da ke kan katin ne kawai. Delfina ta cika na sauran har bayansu: wannan yana tsoron inuwa, wancan yana cizon linzami a kwana. Da ta zo kan na Canela, wadda ba a taɓa sa ta cikin ƙuri'a ba sai bana, ta rubuta layi uku. Ba ƙaimi. Ba bulala. A sassauta linzami. Duk gaskiya ne. Ta gaya wa kanta cewa in ta ƙara na huɗu, abokan karawa ta ba makami. Wannan ma gaskiya ne. Amma 'yan ƙungiyarta biyar suna nan cikin barga suna shafa wa sirdi mai, baki kawai za ta buɗe. Ta dubi inda Corliss take tsugune tana waƙa ƙasa-ƙasa, ta rufe alƙalami.

Da safiyar Asabar aka zuba sunayen dawaki a tsohuwar hular Koci. Corliss ta zaro Canela. Daga Harlan Creek wata 'yar guntuwa mai tabarau, Tamsin Pruitt, ita ce ta faɗa kanta.

Corliss ta zo da sauri tana ɗaure igiyar hularta.

"Yaya Fina, 'yarki ta faɗo hannuna. Akwai abin da ya kamata in sani?"

"Yana kan kati."

"Haba. Shekara uku kuna ƙus-ƙus ke da ita, duk a layi uku ya ƙare?"

"Ke da alƙalai ke so? Miƙe bayan nan ki yi murmushi, kamar a hoton gidan mai."

Corliss ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne.

Canela ce ta ƙarshe. Lokacin da aka kira ta, biyu da biyu ake. Rumfa ta cika, tsofaffin ɗalibai suna kaɗa ƙararrawar shanu, ana buga ƙafa a katako. Corliss ce ta fara. Shinge biyar ta tsallake lafiya, ko da yake Delfina, daga bakin ƙofa, tana ganin kunnen goɗiyar yana komawa baya kaɗan-kaɗan. Na shida mai faɗi ne, yana fuskantar rumfa. Canela ta kafe ƙafa huɗu. Corliss ta zamo har wuya, ta riƙe geza, ba ta faɗi ba. Ta zagayo, a karo na biyu suka haye da ƙyar, sandar shingen ta faɗi. Aka ɗaga maki sittin da ɗaya.

Delfina ta karɓi ragama tana duban ƙasa. Ta nemi baƙin ciki a ranta ba ta samu ba. Abin da ta samu wani sanyi ne, da lissafin cewa goɗiyar da ta tirje a gaban ƙasa duka ba wanda zai riƙe ta shekara biyar.

Aka danna agogon Tamsin Pruitt. Maimakon ta hau, sai ta ɓata minti ɗaya cur tana bin wuyan goɗiyar da tafin hannu, daga kunne zuwa kafaɗa. A gindin geza ta hagu hannun ya tsaya. Akwai wuri a nan, faɗin babban yatsa, inda gashi ya yi laushi ya kwanta ba daidai ba. Delfina ba ta taɓa lura da shi ba, don kullum yatsanta yana kai. Tamsin ta gyara tabarau, ta dubi wurin, ta dubi Delfina. Doka ta hana mai riƙon doki magana da mahayiya. Tamsin ta sa ƙafa a likkafa.

Tun daga shinge na farko Delfina ta ga hannun hagun yarinyar yana sauka, saura taku uku. A na shida Canela ta tashi ba ko gezau, ƙararrawa na ta kaɗawa. Tamanin da tara. Delfina ba ta taɓa wuce tamanin da uku a kanta ba. Da Tamsin ta sauka, goɗiyar ta juyo ta goga goshi a kafaɗarta, abin da Delfina ta sha gaya wa mutane ba ta yi wa kowa sai ita.

Bayan an ba da kofi, Delfina tana wanke Canela a bayan barga, Corliss tana riƙe da bokiti, idonta jawur, tana cewa laifinta ne, ta ja linzami da wuri. Delfina ta ci gaba da wanke goɗiyar. Sai ga Tamsin ta zo da karas a hannu. Ta ce ta zo ta yi wa goɗiyar godiya ne, kuma ta ga mai ita. Ta ce da ta taɓa wurin nan ta san ba sirdi ne ya ci shi ba, hannun mutum ne, kuma ba aikin wata ɗaya ba ne. Ta yaba ƙwarai. Sannan ta juya wajen Corliss, da zuciya ɗaya, ta tambaye ta ko mantawa ta yi da murzawar saboda ruɗewa.

Corliss ta ajiye bokitin. Ta zagayo ta hagu, ta lalubo wurin, ta ɗora yatsa ta murza. Canela ta sauke numfashi.

"Layi na huɗu ke nan, Yaya Fina?"

"Da na rubuta, da su ma sun karanta."

"Ai sun karanta," in ji Corliss. "Mu ne dai ba mu samu ba."

Ta ɗauki bokitinta ta tafi. Tamsin ta ba goɗiyar karas, ta yi sallama a gurguje.

Ko Corliss ta kai maganar ofis, ko Koci Haskell ta gani da idonta daga rumfa, ba wanda ya faɗa. Ranar Litinin Delfina ta tarar an cire katin daga ƙofar ɗakin Canela, an kuma goge sunanta daga allon mai kula, ba a rubuta na kowa ba. Koci ta gaishe ta kamar kullum, ta tambayi kofaton wani doki, ta wuce. Saura mako biyar a yaye ɗalibai. Takardar Delfina tana nan kan teburin, ba a sa mata hannu ba, ba a kuma mayar mata ba.