Bishiya Mai Lamba Arba'in

Shekara huɗu muna jiran bishiya mai lamba arba'in ta yi 'ya'ya, ni da Baba. Irin kofi ba ya ajiyuwa; ko a firiji ka sa shi, wata kaɗan ya mutu. Shi ya sa cibiyar da nake wa aiki take ajiye ire-irensa da ransu, layi-layi a lambu. Baba ne mai kula da lambun tun ban zo duniya ba.

Uwar lamba arba'in daga wani daji aka samo ta, dajin da yanzu ya koma gidaje da kwalta. 'Ya'yanta rawaya ne, cutar ganye ba ta kama ta. Da ta fara bushewa, Baba ya yanko reshe ɗaya tilo mai sauran rai, ya yi masa aure, wato ya ɗaure shi a jikin gindin kofi gama-gari. Ranar da ya kama har kuka na yi.

Yau da safe na tarar 'ya'yan sun nuna, ja jawur.

Ba rawaya ba. Na durƙusa na ture busassun ganye. Ga tabon auren, ga guntun reshen dajin an datse shi tsaf, ya bushe ƙamas. Ashe tohon gindin muka yi ta raino, wanda shi ya kamata a cire.

"Uwata, amaryar tamu ta gama yangar?" Muryar Baba ce a bayana. "Me kike nema a ƙasa, allura?"

"Baba, ba ka gan su ba?"

Ya ƙura wa bishiyar ido. Sai ya tsuguna yana laluben gindin, har yatsansa ya tsaya a kan guntun.

"Yankana ne," ya ce. "Ba mai karkata almakashi haka sai ni. Na taɓa rassan biyu, na bar mai ƙaurin."

"Tun yaushe idon ya daina gani sosai?"

"Shekara biyar. Da na faɗa, da sun ce in je gida in huta." Ya ɗago kai ya dube ni. "Babu wata a wani wurin? Ko ɗaya?"

Na so in yi masa ƙarya, wallahi na so.

"Babu, Baba."

Sannan ya kwance wayar da ke riƙe da lambar, ya zaro almakashin daga aljihunsa, ya haɗa su ya sa a tafin hannuna.

"Kai wa shugaban cibiya. Ki faɗa masa yadda aka yi, kar ki rage komai."