Ƙwan Zabi a Tandar Laure

Daminar da sojojin da suka je yaƙin ƙasar Bama suka dawo gida, ƙyanda ta bi Argungu gida-gida. A gidan Laure mai masa ta kama jikarta Sadatu, yarinyar da a da sai an riƙe ta ake iya ɗaura mata zane. Ƙurajen suka fito suka bushe, zazzaɓi ya sauka, kowa ya ce an tsallake. Ina! Yarinya ta kulle baki. A kawo kunu ta kau da kai, a dama fura ta kurɓa ta dawo da ita. Romon kifin da ubanta ya kamo da hannunsa ma ko kallo bai ishe ta ba. Asibiti sai Birnin Kebbi, ga gulbi ya cika ya shanye hanya, kuma wa zai ɗora wannan ƙashi da fata a kwalekwale?

Uban, Dankure, ɗan Laure ne, yana cikin waɗanda suka dawo daga yaƙin. Tun da yarinyar ta daina ci yake bin uwarsa da magana ɗaya. Wai a asibitin soja can Indiya ya ga ƙarti sun rame sun zama kamar karan dawa, aka riƙa soya musu ƙwai da albasa da ganye kowace safiya, har suka miƙe da ƙafafunsu. Shi kansa, in ji shi, da haka ya tashi.

Laure ta ce a kai kasuwa. Tun tana ƙarama ta san ba a ba yaro ƙwai, don duk yaron da ya saba da shi ɓarawo yake zama, ya fara da akurki ya ƙare a rumbun mutane. Uwarta ba ta ba ta ba, ita ma ba ta ba nata ba, ga su nan kowa ya girma da mutuncinsa. Don mutum ya hau jirgin ruwa ya dawo da ƙaton takalmi, shi ke nan sai ya koya mata renon yara? Jamilatu, uwar yarinyar, ba ta da bakin magana gaban surukarta, sai dai ta shige ɗaki ta yi kukanta.

Ran nan da safe Laure ta ɗauko Sadatu za ta goge mata jiki da ruwan ɗumi. Tana ɗaga hannun yarinyar, awarwaron da a watan jiya yake matse mata wuyan hannu ya zame ya faɗa cikin ƙwarya. Laure ta tsaya tana kallonsa a ƙasan ruwa. Tsoro ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun ranar da aka tafi da ɗanta yaƙi. Ta binne 'ya'ya a rayuwarta, ta san yadda hannun yaro yake komawa in ya kama hanya.

Sai ga sallamar Bafulatanar da ke kawo musu nono. A saman ƙwaryarta akwai ƙwan zabi cikin ɗan kwando, don lokacinsa ne. Laure ta ɗauki uku kacal, tana yi tana harare-harare kamar wani ya aike ta. Ta jefa su a ruwa, duka suka nutse, alamar ba su lalace ba. Sannan ta ƙwala wa Dankure kira, ta ce ya zo ya faɗi yadda ake yin abin nan nasa.

Gogan naka ya taho da sauri zai faɗa madafa, ta kore shi. Namiji a gindin murhunta, tana raye? Ya koma bayan zana ya tsaya yana leƙe yana ba da umarni, ita kuma tana yi tana gyara masa. Ya ce a yanka albasa ƙanana, ta ce tun kafin a haife shi take yanka albasar garin Augie. Ya ce a sa ganye, ta tsinko alayyafo da zogale a bayan ɗaki, ta tsoma a tafasasshen ruwa don su yi laushi, ta matse ta daddatsa. Ya ce a zuba barkono, ta tambaye shi ko a Indiyar ba a koya masa bakin mai ƙyanda duk gyambo ne ba. Ta fasa ƙwan a ƙoƙo, da ƙyar ma don ɓawon na zabi tauri gare shi, ta barbaɗa gishiri kaɗan ta kaɗa da ludayi har ya yi kumfa.

Faffaɗan kaskon da yake ta kwatantawa babu irinsa a gidan. Laure ta jawo tandarta ta masa ta ɗora, ta ɗiga man shanu a kowane gurbi, ta zuba. Abin ya kumbura ya yi rawaya da ɗigon kore, ta juya shi da tsinke yadda take juya masa. Ƙamshi ya cika tsakar gida.

Jamilatu ta matso ta durƙusa, murya ƙasa-ƙasa. "Inna, ba ke kika ce yaron da ya ci..."

"Ni na ce," in ji Laure, ba ta ko ɗago ba. "Ta rayu tukuna. In ta girma ta yi satar, ni za a kama."

Ta ɗora Sadatu a cinya, ta gutsuri kaɗan ta hura ta kai mata baki. Yarinyar ta kau da kai. Laure ba ta matsa mata ba, ta jefa a nata bakin, karo na farko a rayuwarta, tana tauna tana ce wa yarinyar ai gara ma kada ta ci, wannan ba abincin ƙananan yara ba ne, na tsofaffi ne. Sadatu ta bi hannunta da ido. Da aka gutsuro na biyu ta buɗe baki.

A hankali ta cinye ɗaya, ta ci rabin wani. Sai kowa ya zuba mata ido ana jiran aman da aka saba gani. Rana ta hau kan zana, kaji suka gama tsince-tsincensu, bai zo ba. Laure ta ci gaba da ba ta har tanda ta koma wayam. Yarinyar ta kwantar da kai a ƙirjinta, can ta ɗago ta yi magana, muryar da aka kwana biyu ba a ji ba.

"Kaka, ƙara."

Laure ta dubi tanda, ta dubi ɓawon ƙwai uku a ƙasa, ta ji kamar ta mari kanta don taurin kai. Ta juya ga ɗanta.

"Kai, mi kake jira? Bi Bafulatanar nan, ka amso kwandon duka!"

Dankure ya fita a guje ba takalmi, yana fantsama cikin taɓo. Laure ta rungume yarinyar, hawaye na zuba a kan ɗan kanta, tana ce mata ta yi haƙuri, yanzun nan za a kawo.