Yaran Aro

Makarantar garinmu ajujuwa shida gare ta, amma in ka tara ɗaliban duka ba za su cika biyu ba. Matasa sun kwashi matansu sun tafi birni, masu hali sun kai 'ya'yansu makarantar kuɗi. Sauran ajujuwan awaki ne ke hutawa a ciki.

Da na ji ofishin ilimi na shirin rufe ta a haɗe mu da makarantar bayan dutse, abinci ya daina shiga mini. Autata ƙafarta ta hagu a shanye take. Daga gida zuwa aji ma sai ta huta a gindin famfo, ina ga bayan dutse, ga rafi a tsakani?

Aka kira taron iyaye. Ciyaman ɗinmu mai shagon siminti ne, 'ya'yansa ko ƙofar makarantar ba su taɓa leƙawa ba. Ya gyara hula ya ce, "Kawuna suke so su gani, kawuna za mu ba su. Ranar da za a zo dubawa mu aro yaran bayan dutse mu cika benci."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba gara mu tsaya a kan gaskiya ba? Hanyar ta yi wa yara nisa, shi ke nan."

"Baban Auta, kai dai tsaya a facin tayarka. Wannan harkar manya ce."

Aka yi dariya. Hedimasta na ta gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Da ranar ta zo, yaran aro suka iso da ƙafa, don manyan ba wanda ya tuna da mota. Aka cusa su aji, aka matse Auta a ƙarshen benci, sandarta a jingine da bango. Ni ina waje ina leƙe ta taga.

Jami'ar da aka turo ba ta da yawan magana. Ta zaga, ta dubi fuskoki, sannan ta dubi ƙafafu.

"Wannan taɓon fa? Ban ga alamar an yi ruwa a garin nan ba."

Da Ciyaman ya yi shiru kamar hedimasta, da wataƙila mun sha. Ina, bakin da ya saba talla. Ya matso yana washe haƙora.

"Ranki ya daɗe, ai yaranmu ba ragwaye ba ne. Daga bayan dutse suke takowa kullum, su ƙetare rafi, don son makarantar nan."

"Kullum? Har ƙananan?"

"Har ƙananan."

"To madalla," in ji ta. "An ce mana yara ba sa iya bin hanyar, shi ya sa muke ta jinkiri. Tunda yawancinsu daga can suke, kuma ginin can ya fi lafiya, sai 'yan nan su riƙa zuwa can."



Yanzu Ciyaman yana zaune a shagonsa yana gaya wa masu saye cewa hedimasta ne ya ɓata shirin, don bai sa yaran sun wanke ƙafa ba. Ni kuwa na samo katako da tsohon matashi ina haɗa wa Auta wurin zama a bayan kekena. Tana riƙe mini sifana.

"Baba, in rafin ya cika fa?"

Na ce ta miƙo mini sifanar, na ci gaba da ɗaure noti.