Guntun Ɓawo a Bakin Zarto

Duk kwarin nan babu wanda bai san Ilarie da tsabtar tsiya ba. Ko a coci yake, in ya hango zare a kafaɗar wani sai ya cire shi sannan hankalinsa zai kwanta. Shekara ashirin da shida yana tsaga katako bai taɓa ko ƙwarzanewa ba, sai ranar da ya ga guntun ɓawo a gefen zarton injin, ya kai hannu zai share. Yatsu uku suka tafi.

Bayan wata huɗu ya dawo neman aikinsa. Ma'aikatar katakon ita kaɗai ta rage a kwarin, in ta ƙi mai shekara hamsin da bakwai, to sai zaman gida da kallon duwatsu. Toader, shugaban ma'aikata, a hannun Ilarie ya koyi aikin. Ya kashe injin, ya ja Ilarie gefen teburin zarto.

"Kawu, ba hannun ne damuwata ba. Masu guntayen yatsu sun fi biyar a nan. Halinka nake tsoro."

"Na daina, Toader. Tambayi matata. Jiya Saveta ta bar ɓawon albasa a tebur har yamma, ban taɓa ba."

"Ta ce ficewa ka yi daga gidan."

"To, ficewar ba haƙuri ba ce?"

Toader ya yi dariya. Ilarie ya ji sanyi a ransa, karo na farko tun kwanciyarsa asibiti. Baki ya buɗe. Ya shiga bayanin gungumen da ke jibge a waje, wanda ya sha ruwa da wanda zai murɗe in an tsaga, yana yi yana nuni.

Sai da ya ga dariyar Toader ta ɗauke sannan ya dubi hannunsa. Guntun ɓawo ne tsakanin yatsu biyun da suka rage. Bai ga lokacin da Toader ya ajiye shi a bakin zarto ba, bai kuma san lokacin da ya ɗauka ba.

"Ai injin a kashe yake," in ji Ilarie, murya ƙasa-ƙasa.

"Yau a kashe yake, Kawu."

Kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Bai yi roƙo ba, don ya san yaron gaskiya ya faɗa. Ya gyara hularsa ya nufi ƙofa, ɓawon na hannunsa. Ya so ya yar da shi nan ƙasa a gaban kowa, ya kasa. Sai da ya kai shi kwandon shara sannan ya fita.