Ɗakin Tayil na Kawu Abdulbaƙi

Kai, jama'a, wani gatan ma cuta ne! Ku ji abin da Mutmainna ta gani da idonta a gidan kawunta.

Kakarta, Kaka Fatu, tun Mutmainna ba ta zo duniya ba take tuƙa tuwo a bakin iyaka, can Magama. Ba direban da zai fito daga Maraɗi bai tsaya rumfarta ba. Ta san sunan kowa, ta san ubansa, ta san wanda 'yan duwan, wato kwastan, suka tsare jiya. Bakinta ba ya hutawa, ƙafarta ma haka.

Sai ga autanta, Kawu Abdulbaƙi, ya samu hanyar fiton kaya, ya yi tumbi, ya sayi mota. Wai shi kunya yake ji a ce uwar Alhaji guda tana hura wuta a bakin titi. Ya kwaso tsohuwa ya kawo ta cikin Jibiya, ya zuba ta a ɗaki mai tayil da fanka da talabijin. Kada ta ɗau tsintsiya, kada ta leƙa ƙofa. Maƙwabta ma a ce musu tana barci. Shi a ƙaramin tunaninsa ya gama biyan nono ke nan.

Da Mutmainna ta gama wankan jego, ta goyo jaririnta Mujahid ta kai wa Kaka. Ta tarar da ita zuru, ta zuba wa bango ido. Carbinta na cikin firji. Ta dubi Mutmainna ta ce, "Ɗiyar wa ce?"

Kakar da ta yi wa Mutmainna kitson aure da hannunta!

Ranar rigakafin Mujahid ta kasa haƙuri, ta tambayi malamar asibiti game da Kaka. Malamar ta ce a kawo ta a auna jininta, a duba kunnenta. Ta ce kuma tsoho na son tafiya da hira da ɗan aikin hannu. Zaman shiru shi kaɗai na ƙara kawo ruɗewa. Ba ta ce za a warke ba, amma ta ce kada a bari ya ci gaba.

Mutmainna ta gaya wa Kawu. Ya taɓe baki yana danna waya.

"Ke da ko sakandare ba ki gama ba? Tsufa ne. Me ta rasa? Ga nama, ga fanka."

"Mutane ta rasa, Kawu."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi kuwa. Washegari da ya fita, ta yafa wa Kaka mayafi, suka biya asibiti, aka ce jininta ya hau, aka ba ta magani. Daga nan suka hau Keke Napep sai Magama, suka sauka nesa kaɗan don Kaka ta taka.

Rumfar na nan, ƙanwar Mutmainna Hasiya ke riƙe da ita. Wani direba ya hango su ya saki loma.

"La ilaha! Inna Fatu! Mun ce ko kin yi ƙaura ba sallama!"

Kaka ta tsura mishi ido, ta daɗe. Can ta ce, "Kai ba ɗan Manu mai albasa ba ne? Har yanzu kana satar man shanu in an juya baya?"

Rumfa ta kaure da dariya. Kaka ta fizge muciya daga hannun Hasiya, wai tuwon ya yi gudaji.

Ana haka sai ga motar Kawu, ya fito yana huci, babbar riga na jan ƙasa.

"Inna, shiga mota. Kina zubar min da mutunci!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Auta, matsa, ka tare min iska. A wurin nan ka yi min fitsari a baya har ka yi wayo, wane mutunci?"

Direbobi har da riƙe ciki. Kawu ya duba hagu, ya duba dama, ba mai taya shi. Ya tattare rigarsa ya shige mota, ya tafi shi kaɗai.

Yanzu kullum da hantsi Mutmainna ke rako Kaka rumfa. Wata rana Kaka tana mance inda ta aje takalmi, wannan ba musu. Amma jiya ta miƙo hannu ta ce, "Mutmainna, ba ni angona Mujahid, ke ba ki iya goyo ba."