Sa Hannun da Ba a Shaida Ba

Da hannunsa Lamont Pruitt ya fasa akwatin robar tun da safe a ɗakin otal, matarsa Lorraine na zaune bakin gado tana shan kofi tana kallonsa. Shekara da shekaru mujallar zanen tana kulle a ciki, fitowar farko ta labarin Mai Gadin Gada, da makin da kamfanin tantancewa ya manna mata a goshi: tara da ɗigo huɗu cikin goma. Robar na cewa ƙas, makin ya tashi a banza. Yanzu takarda ce zalla, sai an sake kai ta gaban alƙalan kamfani.

"To, ka kashe ta, hankalinka ya kwanta," in ji Lorraine.

"Ban kashe ta ba. Tsohon da ya zana ta zai sa hannu a gaban mai shaida, a sake rufe ta da tambari ruwan ɗorawa. Kin san guda nawa ke da wannan tambarin a duniya? Babu ko ɗaya."

"Na sani mana. Tun daga Richmond kake karanta mini a mota."

Tsohon shi ne Ansel Dubrow, wanda ya zana labarin tun Lamont bai zo duniya ba. Ba ya fita taro, ba ya amsa waya, sai bana 'yarsa ta lallaɓo shi bikin mujallu na Baltimore, aka kuma sanar cewa daga wannan ba zai ƙara fitowa ba. Ƙa'idar kamfanin kuwa ɗaya ce, kuma ba ta da kunya: sa hannun da ma'aikacinsu bai gani da idonsa ba, ba sa hannu ba ne. Ko wane ne ya yi shi, sunansa ɓata bango, maki ya faɗi.

Saboda haka Lamont ya yi shiri irin na mai zuwa kotu. Ya saka mujallar a leda da kwali a bayanta, ya yanke 'yar taga a ledar daidai inda alƙalami zai sauka, don kada yatsan kowa ya taɓa takarda. Ya kama mai shaidar kamfanin tun kafin a buɗe zaure, wata mace mai jar riga da ake kira Tamika, ta ce da layi ya matso ya ɗaga mata hannu kawai.

Layi ya matso, Tamika babu ita babu dalilinta.

Ya ɗaga hannu har kafaɗarsa ta gaji. Ya ce wa na bayansa ya wuce, ya ce wa na bayan wancan ma ya wuce. Wani ƙato sanye da kayan jarumin mujalla, cikinsa na neman yaga rigar, ya wuce yana dariya, ya ce, "Malam, layi kake bi ko gadinsa aka ba ka?" Ran Lamont ya soma tafasa. Can gaba tsohon na zaune a keken guragu, kansa na rinjaya, 'yarsa tsaye a gefensa tana duba agogo.

Da ya rage saura su kaɗai, 'yar ta ce, "Ku ne na ƙarshe. Baba ya gaji, za mu tashi."

"Don Allah ki ɗan yi haƙuri, yanzun nan zan dawo." Ya danƙa wa Lorraine ledar. "Riƙe ta gefe-gefe. Kada ki bari kowa ya taɓa. Kowa na ce."

Ya kutsa cikin jama'a da gudu-gudu har rumfar kamfanin. Wani mai gemu a bayan tebur ya ce an tura Tamika wajen wani ɗan fim, can layi ya fi tsawo.

"To kai ka zo mana. Ido ne da kai, ko ba ido ba?"

"Ni mai karɓar kaya ne, yallaɓai. Ba a ba ni izinin shaida ba."

"Kallo ne fa kawai! Ka tsaya ka kalli tsoho ya rubuta sunansa!"

"Na gane, yallaɓai. Amma kallona ba ya shiga lissafi."

Lamont ya ji kamar ya kifar da teburin. Da ƙyar mai gemun ya yarda ya kira Tamika a waya, ta ce ga ta nan tafe. Ya juyo yana haki, yana ta ba mutane haƙuri yana ture su.

Tun daga nesa ya hango abin da yake gudu. Ledar na kan tebur, babu komai a ciki. Mujallar na hannun tsohon, a buɗe, ya naɗe bangon baya yadda ake riƙe jarida a tashar bas. Yana kallo tsohon ya lashi babban yatsansa ya juya shafi.

"Lorraine," ya ce. "Me na ce miki?"

"Cewa ya yi in ba shi ya gani. Shi ya zana ta, Lamont. In ce masa me, hannunsa da datti?"

Tsohon ya ɗago kai, fuskarsa ta washe, ba alamar gajiyar ɗazu. "Kai ne mai ita? Zo nan, yaro, zo ka gani. Tun da aka buɗe wurin nan akwatuna ake ta turo mini da 'yan tagogi, kamar mai sayar da tikiti. Kai kaɗai ka kawo mini abin da za a iya buɗewa. Nawa kuwa ruwa ya cinye su a ɗakin ƙasa, tun 'yata wannan tana makaranta."

Lamont ya matsa. Ba zanen yake kallo ba. Ƙashin bayan mujallar yake kallo, wato gefen da aka ɗinke ta, inda wani farin layi siriri ya fito a kan baƙin launi. Ya san wannan layin, duk mai wannan harkar ya san shi. Tara da ɗigo huɗu ta tafi, ba kuma guga ko matsi da zai dawo da ita.

"Ka ga wannan?" Tsohon ya ɗora yatsa mai danshi a kan wata mata cikin taron da ke gudu a kan gada. "Miriam ce, uwar yarinyar nan. Lokacin ko aure ba mu yi ba. Kowa a shafin nan gudu yake, ita kaɗai ta tsaya tana kallon sama, don na kasa zana ta tana tsoro. Edita ya kusa korata a kanta." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, idonsa ya kawo ruwa. 'Yarsa ta sunkuya ta daɗe tana kallon shafin.

Lorraine ma hawaye take sharewa. Lamont kuwa waige yake yi, yana neman jar riga.

"Ba ni alƙalamin nan," in ji tsohon.

"Yallaɓai, ka ɗan dakata, akwai wadda za ta…"

Ina! Tsohon ya riga ya rufe mujallar ya kwantar da ita. A hankali ya rubuta a kan bangon, harshensa a gefen baki: Ga Lamont da Lorraine, da suka kawo mini Miriam. Ya sa sunansa a ƙasa, ya ƙara da 'yar gada ƙarama a gefe. Ya miƙo ta da hannu biyu.

A daidai nan Tamika ta iso, tana fifita da kwali. Ta dubi bangon, ta dubi Lamont.

"Ayya. An riga an sa?"

"Yanzun nan. Tawadar ko bushewa ba ta yi ba, taɓa ki ji. Ga mutumin, ga alƙalamin a hannunsa!"

"Na yarda da kai wallahi. Amma ban gani ba. Sai dai in zai sake wani a gabana, shi ne zan iya shaidawa."

Lorraine ta kama hannun rigarsa. "Lamont, mu tafi. Ka karɓi abinka mu tafi."

Ya ji ta sarai. Ya kuma san abin da ke hannunsa, ba jahili ba ne. Amma makin ya riga ya mutu, bangon ya cika da rubutu, tambarin nan ruwan ɗorawa shi kaɗai ya rage masa daga duk abin da ya fasa da safe. Ya mayar da mujallar kan tebur, ya tura ta gaban tsohon.

"Yallaɓai, don girman Allah, ka ƙara sa hannu sau ɗaya. Nan ƙasa. Sunan kawai."

"Malam, kana jin abin da kake faɗa kuwa?" in ji 'yar.

Tsohon ya dubi rubutunsa, ya dubi matar mai jar riga, sannan ya dubi Lamont.

"Wancan ba ni na rubuta ba?"

"Kai ne, yallaɓai. Sai dai ba a… ba ya shiga."

Tsohon ya gyaɗa kai. Hasken da ke fuskarsa ya ɗauke, ya koma tsohon nan da ya gaji a keken guragu. Ya cire murfin alƙalami, ya ja sunansa a ƙasan bangon da sauri, yadda ya yi wa sauran mutanen layin, ya ture mujallar da bayan hannu ba tare da ya ɗago ba.

"Kai ni gida," ya ce wa 'yarsa.

Lorraine ta saki rigar mijinta, ta bi keken tana buɗa musu hanya cikin jama'a. Tamika ta ɗauki mujallar gefe-gefe, ta zura ta a leda, ta yi wa Lamont murmushi.

"Madalla," ta ce. "Wannan kam na gani."