Gurbin Babban Yatsa

Sau uku ke nan a mako guda matar mai aski na zuwa rumfar mai gyaran wuƙaƙe. Ba ta zama. Ta tsaya bakin teburi, ta je ƙofa, ta dawo.

Askar mijinta ta kawo, tsohuwa mai naɗewa, da mariƙin ƙaho. Tun rasuwarsa kullum sai ta wanke ta da ruwan zafi ta shanya a taga, don gudun tsatsa. Cikin wata biyar ƙahon ya motse, askar ta ƙi rufuwa, tsininta na cin mariƙin. Ga shi ta yi wa ƙanin marigayin alkawarin askar, tunda shi zai sake buɗe shagon askin.

"Yaya, zauna mana, kina sa ni jiri," in ji mai gyara. Abokin mijin ne tun suna samari.

"Ka gama in tafi."

"Kwana shida tana cikin mai, ƙahon bai saki ba. Shekara talatin yana shan maiƙon hannun mutumin nan, ke kuma kika zo masa da tafasasshen ruwa kamar za ki fige kaza."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki askar. A gefen mariƙin akwai ɗan gurbi mai santsi, inda babban yatsan mijin ya cinye ƙahon. Ta sa nata a ciki. Ya yi mata yawa.

"Hanya biyu ce," ya ce. "Ko in cire ƙusoshi in sa sabon mariƙi, ko in rage ƙarfen da magagari har ta rufu. In na rage, ta gajarce, ba ta ƙara aikin shago."

"To cire mini tsohon in tafi da shi."

"Ya bushe, Yaya. Ina taɓa ƙusa zai tarwatse."

Ta ajiye, ta fita har bakin titi. Motoci na wucewa. Ta gyara mayafi, ta sake gyarawa, sannan ta dawo.

"Rage ƙarfen."

"Ƙanin nasa fa? Zai ji haushi."

"Ya ji. Zan faɗa masa da bakina. Ya nemi tasa, ya cinye ta da nasa yatsan."

Mai gyara ya ɗaure askar a matsi, ya ɗauko magagari. Kafin ya fara ta miƙa hannu ta rufe gurbin da tafinta.

"Yi a haka," ta ce. "Ba zan motsa ba."